Iya Bayis Mashal Hamza Abdullahi (1945–2019): Tarihin Aikinsa da Matsayinsa a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da malaman Hausa suka daɗe suna yi game da littattafan karatu na sakandare akwai ƙarancin tarihin rayuwar mutanen zamani. Ɗalibi yakan gama aji shida ya san Bayajida da Sarauniya Amina da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya san Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, amma da zarar an wuce shekarar 1966 sai rubutun zube ya ja baya, kamar babu abin da ya faru a ƙasar Hausa cikin shekara kusan talatin na mulkin soja. Giɓin ya ƙara faɗi sa'ad da aka cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen shekarar 2009, ba a maido shi ba sai bayan kimanin shekara goma. A tsawon wannan lokaci, ɗan abin da yaro ke tsinta na tarihin ƙasarsa yakan zo ne ta gajerun labaran auna fahimta na darussan harshe. Ke nan nauyin da ke kan malamin Hausa ya fi yadda ake zato.

Wannan maƙala za ta bi tarihin aikin wani babban hafsan sojan sama, marigayi Iya Bayis Mashal Hamza Abdullahi, mutumin Haɗeja, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1984 zuwa 1985, ya kuma riƙe ma'aikatar Babban Birnin Tarayya daga 1986 zuwa 1989. An zaɓe shi ne saboda rayuwarsa tana nuna wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, wato yadda mulkin soja ya riƙa ɗebe mutanen da aka kashe kuɗi aka horar domin kula da jirage, yana mayar da su masu mulkin jihohi da ma'aikatu. Jama'a sun ga aikin da irin waɗannan mutane suka yi, mai daɗi da marar daɗi, amma ita rundunar da ta raine su ta biya farashi. An rubuta maƙalar tare da tunawa da makarantun da ake koyar da Hausa a wajen ƙasar Hausa, irin na unguwar Sabo da ke Badun, wato Ibadan, domin kamar yadda za a gani, labarin ya ratsa ta wannan birni har sau biyu.

2.0 Rundunar da ya shiga

Kano ta san jirgin sama tun kafin a haifi Hamza Abdullahi da shekara ashirin. A watan Nuwamba 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar suka sauka a Kano, kuma daga wannan sauka ake ƙirga tarihin sufurin sama a Nijeriya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Kano da Maiduguri sun zama zango a kan hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Hartum da Alƙahira. Duk da haka, har aka sami 'yancin kai a 1960 Nijeriya ba ta da rundunar sojan sama ta kanta. Da aka tura sojojinta Kongo aikin kiyaye zaman lafiya, a jiragen wasu ƙasashe aka kwashe su.

A nan Badun ta fara shigowa cikin labarin. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta ba Turawan damar ratsa sararin samaniyar Nijeriya da amfani da filayen jiragenta. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan na cikin waɗanda suka fi tsananta adawa da ita, har suka yi tattaki zuwa majalisar dokoki a Legas a watan Nuwamba 1960. A watan Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar. Wannan ya sa da aka tashi kafa rundunar sama, sai aka waiwayi wasu ƙasashe. Rukunin farko na ɗalibai an tura su Habasha a 1962, wasu suka tafi Kanada da Indiya, amma babban nauyin ya faɗa kan Jamus ta Yamma, wadda ita kanta a 1956 ta sake gina tata rundunar. Bajamushe ne ya fara shugabantar sojan saman Nijeriya, Kanar Gerhard Kahtz, daga 1963, sannan Kanar Wolfgang Thimmig ya gaje shi a 1965. Majalisa ta zartar da dokar kafa rundunar a watan Afrilu 1964, Kaduna ta zama cibiyar horo, jiragen farko kuwa ƙanana ne na koyo da na kai saƙo, samfurin Piaggio da Dornier.

A wannan shekara ta 1964 Hamza Abdullahi ya shiga rundunar, yana ɗan shekara goma sha tara. An haife shi a Haɗeja ranar 2 ga Maris 1945. Yana da kyau malami ya tsaya a nan ya ja hankalin ɗalibai ga tazarar lokaci: a watan Afrilu 1906 ne Haɗejawa suka gwabza da sojojin Turawa a cikin garinsu, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa. Tsakanin wannan rana da ranar da wani ɗan Haɗeja ya tafi Jamus koyon gyaran jirgin yaƙi, shekara 58 ce kacal, wato akwai tsofaffin da suka ga duka biyun da idonsu.

3.0 Hafsan bayan fage

Daga 1964 zuwa 1966 yana Jamus ta Yamma, inda ya yi kwas na hafsan fasahar jirage. Wannan batu yana buƙatar bayani a aji, domin a tunanin yawancin yara, duk sojan sama matuƙi ne. A gaskiya matuƙa 'yan kaɗan ne a kowace runduna. Kafin jirgin yaƙi ya yi awa ɗaya a sama, sai makanikai sun shafe awoyi da dama a kansa a ƙasa, suna duba inji da wayoyi da tayoyi da na'urorin sadarwa, suna rubuta kowane abu a littafin jirgin. Hafsan fasaha shi ne ke sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi. Idan ya yi sakaci, ran wani ne zai tafi; idan ya yi aikinsa daidai, babu mai jin sunansa.

Shekarar da ya gama kwas ita ce shekarar da komai ya dagule. Bayan juyin mulkin Janairu 1966 shugabancin rundunar ya koma hannun ɗan ƙasa, George Kurubo, kuma Jamusawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi kafin su kammala shirin da suka fara. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli 1967, ƙasashen Yamma suka ƙi sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi, sai gwamnatin Janar Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet da Cekosulobakiya. A watan Agusta 1967 aka fara sauke jiragen MiG a Kano, ga kuma samfurin L-29, daga baya aka sami Ilyushin masu jefa bom, kuma matuƙa 'yan Masar suka tuƙa da yawa daga cikinsu. Sai a duba halin da samarin makanikai suka shiga: an koya musu aiki a kan jiragen Jamus da Italiya, ga shi an ɗora musu na Rasha, masu wani tsari dabam da wasu kayan gyara dabam, a tsakiyar yaƙi. Wannan ita ce makarantar gaskiya ta tsarar Hamza Abdullahi.

Wanda ya shugabanci rundunar a mafi yawan shekarun yaƙin shi ne Kanar Shittu Alao, wanda ya rasu a watan Oktoba 1969 sa'ad da jirginsa ya faɗi a Uzebba. Na ambace shi ne domin ɗaliban Sabo: iyayensa Yarabawan Ogbomosho ne, amma a Dorowa Babuje ta ƙasar Filato aka haife shi. Shi ma ɗan zango ne kamar su, sai dai nasa zangon a Arewa yake.

Daga baya aikin Hamza Abdullahi ya karkata zuwa sashen ladabtarwa. A 1974 ya yi kwas a Chichester ta Ingila, garin da cibiyar horar da 'yan sandan sojan Birtaniya take a wancan lokaci, kuma daga 1980 zuwa 1984 shi ne shugaban 'yan sandan rundunar sojan sama baki ɗaya. Aikin ofishin shi ne tsaron sansanoni da kayan aiki, binciken laifuffukan sojoji, da tabbatar da bin doka a cikin bariki. Mutumin da ya fara da duba kusoshin jirgi, ya koma duba halin mutane. Duk wanda ke son fahimtar salon mulkinsa a Kano sai ya riƙe waɗannan sana'o'i biyu a ransa.

4.0 Gwamnan Kano

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. A watan Janairu 1984 aka naɗa Hamza Abdullahi, yana Iya Kwamado, gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da duk ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991, har da garinsu Haɗeja.

Jihar da ya karɓa ta sha jiƙo. Cikin shekara huɗu ta ga rikicin Maitatsine na Disamba 1980, ta ga tarzomar Yuli 1981 da ta biyo bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano, wadda a cikinta aka kashe Dokta Bala Muhammad, ta ga rabuwar jam'iyyar PRP gida biyu, ta ga rasuwar Malam Aminu Kano a watan Afrilu 1983. A shekarar 1983 kaɗai gwamna uku suka zauna a kujerar: Rimi, Abdu Dawakin Tofa, da Sabo Bakin Zuwo. Kuɗin mai ya faɗi, baitulmali ya bushe, bashi ya yi katutu. Sabuwar gwamnatin tarayya ta soke ƙananan hukumomin da farar hula suka ƙirƙiro, ta koma kan 301 na tsarin 1976, ta gurfanar da tsofaffin gwamnoni gaban kotunan soja, Rimi da Bakin Zuwo na cikin waɗanda aka ɗaure. A faɗin ƙasa aka rage ma'aikata, jihohi suka koma karɓar kuɗin makaranta da haraje-haraje iri-iri. A Kano, inda soke haraji da jangali a 1979 ya kasance babban abin alfaharin talakawa, sauyin iskar ya fi zafi.

Wajibi ne a fahimtar da ɗalibai cewa gwamnan soja ba zaɓaɓɓe ba ne, kuma ba shi da majalisar dokoki. Aikin soja aka tura shi, kamar yadda za a tura shi kowane sansani, kuma daga Dodan Barak a Legas umarni ke zuwa. Saboda haka yawancin abubuwan da Kanawa ke tunawa na wannan zamani manufofin tarayya ne da ya aiwatar. A watan Maris 1984 aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, mutane suka koyi bin layi a tasha da asibiti, wasu da lallashi, wasu da bulala da tsallen kwaɗo. A ƙarshen Afrilu aka canza launin takardun kuɗi, aka ba da wa'adin ƙasa da mako biyu, aka rufe kan iyakoki. Ga birnin da rayuwarsa ta dogara ga fatauci da Damagaram da Maraɗi da Agadas, rufe iyaka ba ƙaramin abu ba ne. Abin ya zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar 1984 suna El-Buhari, sunan da ya zauna a bakinsu har yau. A ɓangaren alheri kuma, a wannan shekara aka sabunta shirin rigakafin cututtukan yara na ƙasa, irin su ƙyanda da shan-inna da tarin fuka, kuma gwamnatinsa ta tura shi cikin jihar.

A Kano ne Manjo Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da kashi na biyar na Yaƙi da Rashin Ɗa'a a watan Yuli 1985, wato na tsabtar muhalli, tare da alkawarin kyautar Naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsabta. An kwashe juji, an yashe magudanai, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a birane da dama an rushe rumfuna da teburan masu ƙananan sana'o'i a gefen titi ba tare da an ba su wani wuri ba. Littafin karatu da ya kawo rabin farko ya ɓoye na biyu, ya ci amanar yaron da kakarsa ke sayar da ƙosai a bakin hanya a wancan lokaci.

4.1 Sarkin Kano da Oni na Ife

Al'amarin da ya fi jan hankali a zamanin gwamnatinsa ya faru a 1984. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da amininsa Oni na Ife, Oba Okunade Sijuwade, suka kai ziyara Isra'ila, alhali Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ƙasar tun 1973, ba ta kuma maido ba sai 1992. Gwamnatin tarayya ta ɗauki ziyarar a matsayin saɓa wa manufarta ta waje. Da suka dawo aka karɓe fasfo ɗinsu, aka dakatar da su daga shugabancin majalisun sarakunan jihohinsu, aka hana su fita daga ƙasashensu tsawon wata shida. Ife a lokacin tana cikin Jihar Oyo, mai hedikwata a Badun, ƙarƙashin Laftana Kanar Oladayo Popoola. Ke nan gidajen gwamnati biyu ne hukuncin ya bi ta cikinsu, na Kano da na Badun.

A duba matsayin Hamza Abdullahi a nan. Bahaushe ne da ya tashi a cikin masarauta, ya san abin da sarki yake nufi ga jama'a, ga shi ɗan shekara 39, sarkin kuwa ya girme shi, ya kuma shekara 21 a gadon sarauta. Shekara uku kafin nan, takarda ɗaya da gwamna ya aika fada ta jawo ƙone-ƙone da asarar rayuka. A wannan karo birnin bai kama da wuta ba. Ana iya cewa tsoron soja ne ya hana, ana iya cewa haƙurin Sarkin ne, wanda aka san shi da haɗiye fushi. A ganina duka biyun sun yi aiki. Abin da ya tabbata shi ne al'amarin ya nuna ƙarara inda iko ya koma, tafarkin da aka ɗauko tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya raba sarakuna da ragowar ikon gudanarwa.

Ga malamin da ke koyarwa a Sabo, da wuya a sami labarin da ya fi wannan dacewa. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa, suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Kudu da Arewa, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 bayan ya zauna a cikinsu. Yaron Sabo yana girma da Hausa a gida, da Yarabanci a kasuwa, yana ƙarƙashin Sarkin Hausawa, yana kuma cikin ƙasar Olubadan. Labarin da manyan sarakunan ɓangarorin biyu suka yi tafiya tare, aka hukunta su tare, yana ba shi damar yin muhawara a kan sarauta da mulki ba tare da an raba aji gida biyu bisa ƙabila ba.

5.0 Daga Ma'aikatar Ayyuka zuwa Abuja

Ranar 27 ga Agusta 1985 Janar Ibrahim Babangida ya hamɓarar da Buhari. Hamza Abdullahi ya miƙa Kano ga Kanar Ahmed Daku, aka ba shi ministan ayyuka da gidaje a watan Satumba. Bai daɗe a can ba, ko da yake ana danganta shi da aikin tagwayen hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka gina a zamanin wannan gwamnati. A watan Disamba 1985 aka kama ministan Abuja, Manjo Janar Mamman Vatsa, bisa zargin shirya juyin mulki, aka harbe shi ranar 5 ga Maris 1986 tare da wasu hafsoshi, cikinsu har da na sojan sama irin su Ben Ekele da Adamu Sakaba. Kujerar da Vatsa ya bari ita aka ba Hamza Abdullahi a 1986.

Abuja a lokacin ta shekara goma a kan takarda. Janar Murtala Muhammad ne ya kafa ta da Doka ta 6 a watan Fabrairu 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kammala babban tsarin birnin a 1979, masanin gine-gine ɗan Japan Kenzo Tange ya zana tsakiyarsa. Gwamnatin Shagari ta kashe kuɗi mai yawa, ta yi bikin 'yancin kai na 1982 a can, amma har ta faɗi birnin bai wuce filin gine-gine ba. Sabon ministan ya zo a mummunan lokaci ta fuskar kuɗi: a 1986 farashin mai ya sake rugujewa, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta zube daga watan Satumba. Aikin da ke gabansa shi ne kashi na farko na birnin, wato Tsakiyar Birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro: tituna, magudanai, ruwa, wuta, ofisoshi da gidajen ma'aikata. A shekarunsa Abuja ta karɓi taron shugabannin ƙungiyar ECOWAS a 1986 da 1987, aka buɗe babban otal ɗin Hilton a 1987, wasu ma'aikatun tarayya suka fara tasowa daga Legas. Ya miƙa wa Manjo Janar Gado Nasko a 1989. Yunƙurin juyin mulkin Gideon Orkar na Afrilu 1990, wanda ya kusa rutsawa da Babangida a Dodan Barak, ya ƙara wa ƙaurar sauri, har aka kammala ta ranar 12 ga Disamba 1991. Ba domin abin da aka shimfiɗa tsakanin 1986 da 1989 ba, da babu inda za a sauka.

A nan, a ganina, horonsa na farko ya yi amfani. Babban tsarin birni kamar littafin jirgi yake, an rubuta inda kowane abu zai zauna, kuma amfaninsa yana ga a bi shi. Amma akwai waɗanda aikin ya taka. Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa suna zaune a wannan ƙasa tun kafin a zana ta, kuma shirin farko na kwashe su gaba ɗaya tare da biyan diyya an sauya shi tun 1978 saboda tsada. Maganar filayensu ta gagari ministocin da suka gabace shi, ta wuce shi, ta ci gaba da damun waɗanda suka biyo baya. Malamin Hausa yana da ƙarin abin faɗa: sunan birnin kansa aro ne daga garin da Abu Ja, na gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa a 1828, wanda aka sauya wa suna zuwa Suleja da aka ba sabon birnin sunan.

Ya bar aikin soja da muƙamin Iya Bayis Mashal, ya yi sauran rayuwarsa nesa da fagen siyasa. Ya rasu ranar 3 ga Janairu 2019 a Jamus, ƙasar da ya fara koyon aiki, yana da shekara 73. Akwai titi mai sunansa a Kubwa.

6.0 Abin da rundunar ta rasa

Hamza Abdullahi ba shi kaɗai ba ne. Kano kanta sojan sama uku suka mulke ta: Ishaya Shekari daga 1978 zuwa 1979, shi, sannan Mohammed Umaru har zuwa 1988. A Kaduna an yi Usman Jibrin da Muktar Muhammad da Ibrahim Alfa da Usman Mu'azu, a Filato an yi Dan Suleiman, a Binuwai da Gongola an yi Jonah Jang. Yawancinsu 'yan rukunin farko ne, waɗanda aka tura ƙasashen waje a shekarun 1960, a runduna ƙarama wadda ƙwararrunta ba su da yawa. Kowace shekara da ɗayansu ya yi a gidan gwamnati, shekara ce da bai yi a rumfar jirage ko ajin horo ba.

A daidai wannan lokaci ƙasar tana ta sayen jirage masu tsada daga wurare dabam-dabam: MiG-21 daga Rasha da C-130 daga Amurka a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet a farkon shekarun 1980, Jaguar guda 18 daga Ingila daga 1984. Kowane samfuri da nasa kayan gyara da nasa horo. Da kuɗi ya yi ƙaranci, kuma shugabannin soja suka fara ɗari-ɗari da rundunar sama bayan shari'ar Vatsa, sai jirage suka riƙa zama a ƙasa. Jaguar ɗin nan ba su yi shekara goma suna tashi ba. Ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, injinansa sun mutu, mutum fiye da 150 suka hallaka, galibinsu matasan hafsoshi masu kwas a Jaji. Ba daidai ba ne a ɗora wannan a kan mutum ɗaya, balle wanda ya riga ya bar aiki. Tsarin ne abin tuhuma, tsarin da ya sa hanyar ɗaukaka ga hafsa mai hazaƙa ta bi ta ofishin gwamna maimakon ta bi ta sana'arsa.

7.0 Matsalar kalmomi

Duk wanda ya gwada rubuta wannan tarihi da Hausa zai ci karo da abin da na ci karo da shi tun daga kanun maƙalar. Muƙaman sojan ƙasa sun daɗe da zama 'yan gida: kofur, saje, samanja, laftana, kyaftin, manjo, kanar, birgediya, janar, har da kalmar hafsa da soja da bariki da fareti. Sun bi ƙa'idar gaɓar Hausa, an raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, an sauya sautukan da harshen ba shi da su. Dalili kuwa na tarihi ne: Hausa ce harshen bariki a rundunar mulkin mallaka, bakin dakaru marasa boko ne ya tauna waɗannan kalmomi shekara da shekaru. Rundunar sama ta zo a 1964, bayan wannan zamani ya wuce, ta ɗebi 'yan makaranta, ta yi aikinta da Ingilishi. Shi ya sa muƙamanta suka tsaya a bakin ƙofa. Wata jarida ta rubuta Iya Mashal, wata ta rubuta Eya Mashal, wata ta bar shi da rubutun Ingilishi. Iya kuma a Hausa uwa ce, ga sarautar Iya a Zazzau, don haka ɗalibin da ya ga Iya Kwamado a karon farko yana da hujjar ruɗewa. Haka Guruf Kyaftin, wanda yaro zai zaci kyaftin ne, alhali daidai yake da kanar.

Ayyukan keɓaɓɓun kalmomi da aka yi, irin su littafin kalmomin nazarin harshe da adabi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 da ƙamusun kalmomin majalisa na harsuna huɗu na 1991, kowanne ya tsaya ne ga fanninsa. Shawarar da nake bayarwa ga masu tsara littattafai ita ce, kafin a sami matsaya, a riƙa kawo muƙamin sojan sama tare da takwaransa na ƙasa a karon farko da ya fito: Iya Kwamado daidai da birgediya, Iya Bayis Mashal daidai da manjo janar, Iya Mashal daidai da laftana janar. Ga sassan aiki kuwa gara bayani da Hausa tsantsa, kamar hafsan fasahar jirage, shugaban 'yan sandan soja, rumfar jirage, littafin jirgi. A makarantun Sabo za a iya ƙara wani aiki: ɗalibai su tambayi tsofaffin sojoji da direbobin unguwa yadda suke kiran waɗannan abubuwa da Hausa da kuma Yarabanci, su kawo jerin aji a kwatanta yadda kowane harshe ya sarrafa kalmar aro guda.